Tambaya da Amsa: Yadda Ake Horar da Masu Auna Gubar Ƙarfe a Ruwan Gaɓar Teku

Tun bayan da muka ambata a fitowar da ta gabata cewa auna gubar ƙarfe a ruwan teku ya fi auna ta a ruwan rijiya wuya nesa ba kusa ba, wasiƙu suka yi ta shigowa a kan wannan batu, wasu daga ɗalibai, wasu daga 'yan kasuwa, wasu kuma daga iyaye. Na zaɓi biyar na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filinmu, domin sauran duk a kanta suka jingina.

Tambaya daga wata ɗalibar kimiyyar sinadarai a Sakkwato

Assalamu alaikum Malam. Na ji cewa Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, tana tara masana kimiyyar teku a Monako, ƙaramar ƙasar nan da ke gaɓar Bahar Rum, tana horar da su kan auna ƙarafa masu guba a ruwan gaɓa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, waɗannan mutane masu digiri ne, wasunsu ma daktoci, mu kuma da muke shekarar ƙarshe a jami'a an riga an nuna mana yadda ake auna dalma da na'ura. To me ya rage da za a koya musu?

Amsa

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa a gama karatu lafiya. Abin da kika ji haka yake. Hukumar tana da ɗakunan binciken teku a Monako tun 1961, an kafa su ne da farko don bin sawun ɓurɓushin nukiliya a cikin teku, daga baya aikinsu ya faɗaɗa zuwa ƙarafa da sauran sinadarai. Shekaru da dama ke nan suna karɓar ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, bisa haɗin gwiwa da shirin MED POL mai sa ido kan gurɓatar wannan teku a ƙarƙashin Yarjejeniyar Basalona ta 1976, ana kuma kai irin wannan horo ga wasu yankuna har da Afirka. Mutane ƙalilan ake ɗauka a kowane zagaye, domin ana so kowa ya yi aikin da hannunsa tun daga ɗibar samfur har zuwa rubuta sakamako.

Wahalar farko ita ce ƙanƙantar abin da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikurogiram 10 cikin lita guda (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma irin wannan ma'auni ne aka fi nuna muku a aji. A tsakiyar teku kuwa, dalma da kadmiyom da zaiba, wadda da yawa suka fi sani da makuri, da nanogiram ake lissafa su, shi kuma sai an tara guda dubu kafin a sami maikurogiram ɗaya. Kusa da gaɓa adadin yakan ɗaga, musamman a bakin kogi da tashar jiragen ruwa, amma duk da haka bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da gishirin da ke cikin ruwan, wanda ya kai kimanin giram 35 a kowace lita. Mai awon yana neman ƙwayar riɗi guda ne a cikin rumbun gero. Gishirin kuma yana rikita na'ura har ta nuna akwai dalma mai yawa alhali gishiri take gani, don haka dole mutum ya koyi raba ƙarfen da gishirin, ya tattara shi wuri guda, kafin ya kai shi gaban na'ura.

Wahala ta biyu ta fi ta farko girma, wato mai awon da kayan aikinsa su ne sukan zuba ƙarfen a cikin samfurin ba tare da sun sani ba. Fentin da ake shafa wa ƙasan jirgin ruwa don hana tsiro da ƙananan halittu mannewa yana ɗauke da jan ƙarfe, igiyar ƙarfen da ake zura kwalba da ita tana tsatsa, hayaƙin inji yana sauka a kan ruwa, hayaƙin taba yana da kadmiyom, wata safar hannun ta roba kuma tana sakin tutiya. Akwai ma wanda ya shafe mu kai tsaye: kwallin da ake niƙawa daga dutse ana sawa a ido, sau da yawa dalma ce mafi yawansa, saboda haka wanda ya sa shi ya sunkuya a kan buɗaɗɗiyar kwalba yana iya ɓata aikin mako guda da ƙwayar ƙura ɗaya.

Wani masani Ba'amurke mai suna Clair Patterson ne ya buɗe wa duniya ido a kan wannan. Yana ƙoƙarin auna dalma a cikin duwatsu don gano shekarun duniya, aikin da ya fitar da sakamakonsa a 1956, sai ya tarar dalma ta cika iska da ƙura da ruwan famfo da sinadaran ɗakin gwajin kansa, har sai da ya gina ɗaki na musamman mai tatacciyar iska. Da shi da waɗanda suka bi sahunsa suka koma kan ruwan teku da irin wannan tsabta, sai ta bayyana cewa yawancin alƙaluman ƙarafan teku da aka wallafa kafin tsakiyar shekarun 1970 sun zarce gaskiya ninkin-ba-ninki. Dattin jirgi da na kwalba aka riƙa aunawa ana kiransa na teku, kuma masu waɗancan alƙaluma manyan masana ne a zamaninsu, sun fi mu, ni da ke, takardun shaida.

To horon daga wanke kwalba yake farawa. Ana jiƙa kwalaben roba na musamman a cikin asid na kwanaki, a ɗauraye su da ruwan da aka tace har ba abin da ya rage a cikinsa, a busar da su inda ƙura ba ta sauka, sannan a sa kowace a cikin leda biyu. A kan ruwa mutum biyu ke aiki tare. Ɗaya ana kiransa mai hannun datti, shi ke taɓa igiya da jikin kwale-kwale da ledar waje. Ɗayan mai hannun tsabta, ba ya taɓa komai sai ledar ciki da kwalbar, ko da ƙuda ya sauka masa a fuska ba zai kai hannu ba. Ana ɗibar ruwan ta goshin kwale-kwale ana fuskantar inda iska da gudun ruwa suke fitowa, domin kada a ɗebi wanda ya riga ya gogi jikin jirgi. Daga nan a tace shi da matacin da ƙofofinsa ba su wuce maikuron 0.45 ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a raba ƙarfen da ya narke da wanda ke manne da ɓurɓushin laka, a ɗiga masa asid mai tsananin tsabta don kada ƙarfen ya lafe a jikin kwalbar kafin a isa ɗakin gwaji.

Ruwan gaɓa kuma ba ya zama yadda yake. Abin da aka ɗiba lokacin da ruwa ya ciko ya bambanta da na lokacin da ya janye, na damina ya bambanta da na rani, shi ya sa masu sa ido suka fi dogara da laka da halittun da ba sa ƙaura. Ƙarafa suna son mannewa da laka mai laushi, don haka akan tankaɗe samfurin a riƙe abin da bai kai maikuron 63 ba, kamar yadda ake tankaɗe gari a ware tsaki. Wanda ya ɗebo yashi a wuri ɗaya ya ɗebo taɓo a wani wurin, ya kwatanta su kai tsaye, zai ɗora wa wurin taɓon laifin da ba nasa ba. Haka nan ƙasa tana da nata ƙarfen na asali tun halitta, saboda haka ake auna alminiyom tare da sauran, a gane abin da ya fito daga dutse da abin da ɗan Adam ya ƙara. Idan kuma aka kafa bututu a cikin laka aka zaro ta yadda take, hawa-hawa, ana iya karanta tarihin wurin, domin akwai wani nau'in dalma mai lamba 210 da rabinsa ke ƙarewa a cikin kimanin shekara 22, da shi ake gane shekarun kowane hawa har zuwa shekara ɗari da ɗoriya. Ta wajen halittu kuwa, kawa aka fi amfani da ita, wato halittar nan mai ɓawo biyu da ke manne da duwatsu da saiwoyin itatuwan gaɓa, tana tace ruwa dare da rana tana tara abin da ke cikinsa. Edward Goldberg ne ya ba da shawarar a mayar da ita mai gadin gaɓa a 1975, Amurka kuma tana gudanar da irin wannan shiri a gaɓoɓinta tun 1986.

Amma jigon horon, a ganina, abu biyu ne da ɗalibai suka fi rainawa. Na farko samfurin wofi, wato kwalba mai tataccen ruwa zalla da ake tafiya da ita har kan kwale-kwale, a buɗe ta, a tace ta, a bi da ita duk hanyar da sauran suka bi. Idan ta nuna dalma, to daga hannunki ko kayanki ta fito. Na biyu samfurin shaida, wato garin naman kifi ko na laka da ɗakunan gwaji masu yawa suka auna suka yi ittifaƙi a kan abin da ke cikinsa, kuma ɗakunan Monako suna cikin masu haɗa shi suna rarrabawa. Kin san idan gardama ta tashi a kasuwar hatsi a kan awo, akan nemo mudun da kowa ya amince da shi a gwada na mai sayarwa. To wannan gari shi ne mudun. Bayan haka akan aika wa ɗakunan gwaji samfurin da ba a gaya musu abin da ke cikinsa ba, kowa ya auna ya aiko da amsa, a ga wanda ya dace da wanda ya kauce.

Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaji inda muka yi wata biyu muna samun tutiya mai yawa a duk ruwan da aka kawo mana daga bakin wani kogi, har an fara rubuta rahoton da zai ɗora laifi a kan masana'antun yankin. Wata ma'aikaciyarmu ce ta nace sai an sake gwada samfurin wofi, aka gwada, sai ga tutiya a cikinsa kusan daidai da ta sauran. Da aka bi diddigi, aka tarar robar da ke cikin murfin kwalaben da muka saya a kasuwa ce take sakin ta. Har yau ina tuna yadda jikina ya yi sanyi a ranar, domin da rahoton ya fita da an zalunci wasu, kuma da ba wanda zai saurare mu ranar da muka zo da sakamako na gaskiya.

Tambaya daga wani Alhaji mai sayar da kifin ƙanƙara a Kano

Malam, sama da shekara ashirin ke nan ina sayar da titus da sawa, ni da iyalina ma shi muke ci. Kwanan nan abokan ciniki sun fara nuna mini rubuce-rubuce a waya cewa kifin teku cike yake da guba. Ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah, akwai haɗari?

Amsa

Alhaji, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar da na abokan cinikinka, domin titus da sawa da sadin suna cikin kifayen da zaiba ta fi ƙaranci a jikinsu. Dalilin yana cikin yadda gubar take hawa. Zaibar da ta shiga ruwa, ƙwayoyin halittar da ke cikin laka suna mayar da ita wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda jiki ke ɗauka da sauri amma yake fitarwa a hankali. Ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙarami, a kowane mataki tana taruwa tana ƙaruwa. Saboda haka manyan kifaye masu farauta masu tsawon rai, irin su shak da kifin takobi da manyan tuna, su ne ake gargaɗin mata masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara su rage ci. Tarayyar Turai, alal misali, ta sa iyakar miligiram 0.5 na zaiba a kilo guda ga yawancin kifaye, miligiram 1 kuma ga irin waɗancan manya. Sai dai a sani cewa suya da dafuwa da banda ba sa cire ta, tun da a cikin tsokar take zaune.

Duniya ta koyi wannan ne da tsada a garin Minamata na Japan, inda kamfanin sinadarai na Chisso ya yi shekaru tun daga 1932 yana zubar da ruwan masana'anta mai zaiba a mashigin da masunta ke kamun kifi. Kyanwoyin garin aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa, sannan a 1956 likitoci suka ba da rahoton cutar a jikin mutane: hannu da ƙafa su mutu, gani ya ƙuntata, magana ta sarƙe, ana kuma haifar jarirai da lalurar ƙwaƙwalwa. Masu bincike na Jami'ar Kumamoto sun gano zaiba ce tun 1959, amma sai 1968 gwamnati ta amince a hukumance, shekarar da aka daina zubar da ita. Shekara goma sha biyu ke nan tun daga 1956 gubar tana kwarara ana gardama a kan hujja, kuma fiye da mutum 2,000 aka tabbatar sun kamu. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka ƙulla a 2013 ta fara aiki a 2017, wadda Nijeriya da Nijar da Ghana suke cikinta.

Su kuwa rubuce-rubucen da ake nuna maka, akwai kurakurai biyu da na sha gani a irinsu. Kusan kashi uku cikin huɗu na naman kifi ruwa ne, a ɗakin gwaji kuma busar da shi ake yi kafin a auna, don haka adadin busasshe yakan ninka na ɗanye sau huɗu ko biyar. Dokar kuwa a kan ɗanye aka yi ta, wanda bai mayar da lissafin ba sai ya shelanta cewa kifi ya wuce iyaka alhali bai wuce ba. Na biyu shi ne asenik, wani sinadari mai guba, wanda yakan fito da yawa a awon kifin teku, amma mafi yawansa wani nau'i ne da jiki ke fitarwa ta fitsari ba tare da ya yi illa ba. Bambance irin waɗannan abubuwa yana cikin abin da ake koya wa masu awo, kuma ka ga yadda rashinsa ke iya taɓa abincin ɗan kasuwa irinka.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Anka, Jihar Zamfara

Malam, mu nan mun ga abin da gubar dalma ta yi wa 'ya'yanmu. Shin abin da ake wankewa daga wuraren haƙar zinare yana bin kogi har ya kai teku? Kuma mu da muke nesa da gaɓa, ina ruwanmu da horon masanan teku?

Amsa

Malam, Allah ya jiƙan yaran da aka rasa, ya ba iyayensu haƙuri. Abin da ya faru a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje, yana cikin mafi munin irinsa da aka sani, kuma an sake ganin makamancinsa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015.

Hanyar ruwa dai tana nan. Kogin Zamfara da Kogin Ka suna zubawa a Kogin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara, Kwara ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya rarrabu a Neja Delta ya shiga Tekun Atilantika. Sai dai ba zan ce maka dalmar ƙauyukanku tana isa can da yawa ba, domin dalma tana manne wa ƙasa ta kwanta kusa, a tsakar gida da kududdufi da fadama, abin da ya tsira kuma madatsun Kainji da Jebba suna tare mafi yawan lakar da ke ɗauke da shi. Illar a gida take, nan ne ya kamata a fi sa ido. Zaiba ce halinta ya bambanta, domin masu haƙa da ita suke kama zinare, kuma idan aka ƙona dunƙulen zaibar da zinaren tana tashi ta zama tururi, mai ƙonawa ya shaƙa, sauran iska ta tafi da shi nesa ruwan sama ya sauko da shi a ƙasa da teku. Ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba a iska, da fiye da kashi ɗaya bisa uku na abin da ayyukan ɗan Adam ke saki. 'Yan'uwanmu na Ghana kuwa sun fi mu kusa da matsalar, domin kogunan Pra da Ankobra da galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ta jagule gajeru ne, kai tsaye suke zubawa a teku inda masunta ke jefa komarsu.

Ruwanmu da horon shi ne, ilimin ɗaya ne. Wanda ya iya auna dalma a lakar tafkin Legas zai auna ta a lakar madatsar Bakolori, wanda ya iya auna kuromiyom a tashar jiragen ruwa zai auna shi a Kogin Challawa da ke karɓar ruwan masana'antun jima na Kano, ruwan da ba ma teku yake nufa ba, Haɗejiya da Yobe yake bi ya doshi Tafkin Chadi.

Tambaya daga wani ma'aikacin ɗakin gwaji da ya nemi a sakaya wurin aikinsa

Malam, an sayo mana na'urar auna ƙarafa mai tsadar gaske, amma shekara biyu ke nan tana rufe da leda. Wanda aka tura horo a kanta an yi masa canjin wurin aiki. Me ya kamata hukuma ta fara sa kuɗi a kai, na'ura ko mutum?

Amsa

Ɗan'uwa, wasiƙarka ta sosa mini rai, domin abin da ka faɗa ya zama ruwan dare. Na'urar da ake kira ICP-MS, wadda ita ce aka fi dogara da ita yanzu, tana shan iskar argon kullum take aiki, tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa ba ta kuma hawa da sauka, da ɗaki mai sanyi mara ƙura, da tataccen ruwa, da asid mai tsabta, da injiniyan da zai duba ta lokaci-lokaci. Wanda ya saye ta bai ware kuɗin waɗannan ba ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba. Ra'ayina shi ne a fara da mutum, kuma kada ya zama mutum ɗaya: a horar da aƙalla biyu ko uku, a wajabta wa wanda ya dawo ya rubuta tsarin aikin daki-daki ya koya wa na ƙasa da shi, a kuma bar shi a wurin shekarun da ilimin zai kafu. Ɗakin gwajin da ke da tsohuwar na'ura da ma'aikaci mai kula da samfurin wofi da na shaida ya fi mini wanda ke da sabuwa fil ba mai kula da su.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan ɗorewa shi ne, awo guda ba ya nuna komai sai an jera shi shekara da shekaru da hannu iri ɗaya. Da irin wannan jeri ne Edward Boyle da abokan aikinsa suka nuna cewa dalma tana raguwa a saman Tekun Atilantika kusa da tsibirin Bamuda tun bayan da aka fara cire ta daga man fetur, aikin da duniya ta kammala a 2021. Da sa ido ne kuma Faransa ta gano cewa sinadarin kuza da ke cikin fentin jiragen ruwa ne ke lalata kawa a mashigin Arkashon, ta taƙaita amfani da shi a 1982, daga baya haramcin ya game duniya a 2008. Mu ma muna da Yarjejeniyar Abijan ta 1981 da ta haɗa ƙasashen gaɓa tun daga Muritaniya har Afirka ta Kudu, kuma ba za ta yi amfani ba sai alƙaluman Legas sun zama abin da za a iya kwatantawa da na Tema da Duwala da Dakar.

Tambaya daga wani uba a Zariya

Malam, ɗiyata tana son wannan fanni, amma ba ta taɓa ganin teku ba, kuma ba mu da kowa a kudu. Akwai hanyar da za ta bi?

Amsa

Akwai, Malam, kuma ta fara daga ƙofar gidanku. Wannan fanni rabinsa kimiyyar sinadarai ce, don haka ta ƙarfafa kanta a fannin awon sinadarai da lissafin alƙaluma da Turancin rubuta rahoto. A nan Jami'ar Ahmadu Bello akwai Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa, mai tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, wadda ake auna ƙarafa da ita a ƙasa da laka da tsirrai, kuma ɗalibin da ya yi aikin kammala digirinsa a irin wannan wuri ya riga ya sa ƙafa a hanya. Daga nan za ta iya neman digiri na biyu a sashen kimiyyar teku na Jami'ar Legas, ko Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Kalaba, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, ko ta tsallaka Jami'ar Ghana ko ta Kef Kos. Ta kuma nemi yin horon sanin makamar aiki ko hidimar ƙasa a Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya, NIOMR, da aka kafa a 1975 a Legas, wadda ke nazarin gaɓarmu mai tsawon kimanin kilomita 850. Akwai kuma gajeren horo na lokacin hutu da ake kira COESSING, wanda aka fara a Ghana a 2015 daga baya ya haɗa da Nijeriya, inda ɗalibai ke fita kan ruwa su riƙe kayan awo da hannunsu.

Shi kuwa horo irin na Monako, galibi ba mutum ne ke nemansa a ƙashin kansa ba, ƙasa ce ke gabatar da ma'aikacin ɗakin gwajin da ke aikin sa ido, saboda haka sai ta fara samun gurbi a irin wannan wuri. Kafin lokacin, ta riƙe littafi guda mai bango tun daga gwajinta na gaba, ta riƙa rubuta kwanan wata da lambar kowace kwalba da nauyin kowane samfur da abin da samfurin wofi ya nuna, da biro, ba tare da gogewa ko yage shafi ba, domin wannan littafi ne masu ɗaukar ɗalibai a fannin za su so ta buɗe musu. Ku kuma ku sama mata inda za ta koyi iyo kafin ta tafi.